Tambayoyinku: Tsohon bairos mai ɓuya, fayiloli da faifan fulofi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon tambayoyin da na ɗebo kusan duk waje ɗaya suka dosa, wato tsofaffin faifan nan na fulofi da bairos ɗin da yake bin su, dan haka na haɗa su wuri guda dan amsar wani ta amfani wani.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa malamin makaranta ne, muna gyaran ɗakinsa muka tarar da kwali guda cike da irin faifan nan masu kusurwa huɗu, ya yi rubutu da biro a jikinsu, wani an sa takardun gona, wani laccoci 1996. Ina son in ga abinda ke ciki amma yayana yace kar in kuskura in saka su a laftof ɗina, wai bairos ɗin zamanin ɓuya yake ko antibairos baya ganinsa. Dan Allah gaskiya ne? Kuma ya akai ma bairos yake shiga faifan da ba komai cikinsa sai takardu? Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Malama maganar yayanki akwai gaskiya a ciki, amma bata kai ki zubar da kwalin ko ki ji tsoron taɓa shi ba, bari in miki bayanin yadda abin yake.

Kowane faifan fulofi, da mai manhaja da wanda takardu ne kawai a cikinsa, yana da wani ɗan sashe a farkon farkonsa mai girman bayit 512, shi ake kira sashen tashi. Tun ranar da akai wa faifan fomatin ake rubuta ɗan ƙaramin umarni a wurin. Kwamfutocin wancan lokacin idan aka kunna su ramin fulofi suke fara leƙawa kafin su waiwayi babban faifan da ke cikinsu, idan suka tarar da faifai a ramin to duk abinda ke cikin wannan sashen sai su ɗauka su aiwatar, babu tambaya babu bincike. Idan faifan lafiyayye ne na takardu, umarnin da ke wurin aikinsa ɗaya ne, ya rubuta a allo Non-System disk or disk error, ma'ana cire wannan faifan ba na tashi bane. Duk wanda yayi aiki da kwamfuta a shekarun 1990 ya san wannan rubutun, ka manta faifai a ciki da yamma ka tafi gida, da safe ka kunna ka ganshi, ka zare faifan ka danna maɓalli ka cigaba da harkarka ba tare da ka kawo komai a ranka ba.

To a wannan 'yan daƙiƙun ake kamuwa. Bairos ɗin ɗauke umarnin asali yake ya kai shi wani wuri a faifan ya ajiye, shi kuma ya zauna a gurbinsa. Kwamfuta na tashi shi zata fara karantawa, sai ya haye memori ya samu wuri can ƙarshe ya zauna, yawancinsu kuma nan take su kwafi kansu zuwa sashen tashi na babban faifai, sannan sai ya miƙa ragama ga umarnin asali wanda zai fito miki da wancan rubutun da kika saba gani. Kinga ke a wurinki ba abinda ya faru. Amma daga ranar duk sanda aka kunna kwamfutar nan shi yake riga kowa tashi, kuma duk faifan da aka zura ko dan a duba sunayen fayil ne kawai, in dai ba'a kulle yake ba, sai ya bi shi.

Na farko a irinsu a kwamfutocin IBM da danginsu shine Brain, wanda ya fito a 1986 daga Lahore ta ƙasar Pakistan. Wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi, Basit Farooq Alvi da Amjad Farooq Alvi, masu shagon kwamfuta, kuma abinda suka faɗa daga baya shine sun yi ne saboda masu kwafar manhajarsu ba izini. Basu ma ɓoye kansu ba, sunansu da adireshin shagon da lambar waya duk suna rubuce a cikin bairos ɗin. Shi fulofi kawai yake kamawa, irin manyan nan masu faɗin inci 5.25 da ke ɗaukar 360KB, baya taɓa babban faifai. Wurin da ya kai umarnin asali da ragowar jikinsa sai ya sa masa alamar cewa ya lalace dan kar DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin lokacin, ya rubuta wani abu a kai, kuma idan kika buɗe manhajar duba faifai kika ce a nuna miki sashen tashi, sai ya tare tambayar ya ɗauko miki na asalin da ya ajiye ya nuna miki. Ɓuyan da yayanki yake faɗa kenan. Ba intanet a hannun mutane lokacin, a jaka da aljihu da ambulan ya yi tafiya, amma zuwa 1987 ya isa Jami'ar Delaware a Amurka.

Yanzu ga abinda ya shafe ki. Irin wannan bairos ɗin baya tashi dan kawai an karanta faifai, sai an tayar da kwamfuta daga kansa. Laftof ɗin yau bata da ramin fulofi ma, sai kin sayi na'urar karantawa mai USB, kuma Windows na yanzu baya bi ta hanyar da waɗannan tsofaffin suke tarewa. Dan haka ki kunna laftof ɗin ta gama tashi tukuna sannan ki jona na'urar, kuma ki zare faifai kafin ki kashe ko ki sake kunnawa. Kafin ki zura kowanne ki juya bayansa, a kusurwa akwai ɗan ƙaramin makulli na roba, ki tura shi har ramin ya buɗe kina hango haske ta ciki, faifan ya kullu kenan ba mai iya rubutu a kai. Ki kwafe komai zuwa folda guda ki sa antibairos ya bi ta kai, ai duk waɗannan tsofaffin an daɗe da saninsu. Inda nafi so ki kula shine takardun Word, domin daga 1995 aka fara samun bairos da ke zama a cikin takarda kanta, na farkon da ya yaɗu sunansa Concept, kuma laccocin Baba na 1996 zamaninsu ɗaya. Idan Word ya tambaye ki ko ya kunna makro, wato ƙananan umarnin da ake sawa a cikin takarda, kice a'a. In kuma kin tarar da da tsohuwar manhajar rubutu ta WordPerfect aka rubuta su, manhajar LibreOffice tana buɗewa kuma kyauta ne. Gaskiya ni abinda nafi ji miki tsoro ba bairos bane, shekaru ne da zafi da ƙura da danshin damina, faifan da ya shekara kusan talatin a kwali ba duka zasu karantu ba, dan haka wanda duk ya buɗe ki kwafe shi a take kar kice sai gobe, kuma ki fara da na takardun gonar.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, an mana bayanin bairos mai ɓuya a aji amma ban gane ba. In dai ya shiga cikin fayil ai dole girman fayil ɗin ya ƙaru, ya za'ai a kasa gani? Daga Zariya.

AMSA: Ƙanina tambayarka ta yi kyau, kuma girman yana ƙaruwa ɗin, ba ƙarya kayi ba. Abin tambaya shine wa yake gaya maka girman?

A DOS babu manhajar da take zuwa kan faifai da kanta. Idan ka rubuta DIR dan ka ga jerin fayiloli, roƙo ake turawa ta wasu layukan kira da aka tanada, INT 21h na DOS shi ke kula da harkar fayil, buɗewa da karantawa da rufewa, INT 13h na BIOS, wato manhajar da injin ya zo da ita a jikinsa, kuma shi ke karanta sassan faifai kai tsaye. A farkon memori akwai wani tebur da aka rubuta adireshin wanda zai amsa kowane kira, kuma DOS bai sa wa teburin nan wani tsaro ba, kowace manhaja tana iya goge adireshin ta sa nata. Shikenan abinda bairos ɗin yake yi. Ya sa adireshinsa a wurin, sai ya zama duk tambayar da zakai wa faifai ta hannunsa zata bi, amsar ma ta hannunsa zata dawo. Kamar mai shago ne da yaronsa ke ɗibar kaya a sito, kuma duk sanda yake son sanin abinda ya rage wannan yaron dai yake aikawa ya ƙirgo masa, ai lissafi kullum cif zai dinga zuwa.

Wanda ya fi nuna wannan ƙwarewar a kan fayiloli shine wanda ake kira Frodo ko 4096, an gano shi a Isra'ila wajen ƙarshen 1989. Fayilolin manhaja yake kamawa, masu ƙarewa da COM da EXE. Idan ka kunna manhaja mai ɗauke da shi sai ya zauna a memori, daga nan manhajar da ka taɓa sai ya liƙa jikinsa a ƙarshenta, bayit 4096 daidai, ya gyara farkonta yadda in an kunna ta shi za'a fara aiwatarwa kafin ya mayar da ita kan aikinta. Kaga manhajar tana aiki lafiya lau baka da dalilin zargi.

To yanzu shi kansa yana buƙatar ya gane wanne ya riga ya kama wanne bai kama ba, nan ne dabarar da take burge ni. Sai ya ƙara shekara 100 a kan kwanan watan fayil ɗin, fayil na 1990 ya koma 2090. DOS yana iya ajiye shekara daga 1980 har 2107 dan haka bai ga laifi ba, DIR kuma lambobi biyun ƙarshe kawai yake nunawa, 90 ce dai kake gani ko ta wace ƙarni ce. Duk sanda aka nemi jerin fayiloli sai ya duba, wanda ya ga shekararsa ta haura sai ya cire 4096 daga girmansa kafin ya miƙo maka. Bai tsaya nan ba, idan wata manhaja ta buɗe fayil ɗin dan ta karanta cikinsa, abinda zata samu shine fayil ɗin yadda yake kafin a kama shi. Antibairos na lokacin kuwa ta INT 21h ɗin nan dai yake karatu kamar kowa, sai ya gama sikanin ya rubuta maka ba'a samu komai ba, kuma shi a iya abinda aka nuna masa gaskiya ya faɗa. Abin ma yafi haka muni da wasu irin, waɗanda suke kama fayil da zarar an buɗe shi, domin antibairos buɗe kowane fayil yake ɗaya bayan ɗaya, kaga da ka gama sikanin ka raba wa duk manhajojinka cutar da hannunka.

Amma ƙaryar bata rufe ko'ina ba. CHKDSK, umarnin DOS mai duba lafiyar faifai, baya tsayawa kan girman da aka faɗa masa, yana ƙirga wuraren da fayil ya mamaye a faifai, sai ya ga lissafin bai haɗu ba ya fara kawo ƙorafin kuskure, wanda bai sani ba kuma sai ya ce masa gyara, garin gyaran a lalata fayilolin. Haka memori, kwamfutar DOS lafiyayya CHKDSK yana nuna bayit 655,360 wato 640KB, masu zama a sashen tashi kuwa sai sun gutsiri wani abu daga sama, misali wani bairos mai suna Stoned 2KB yake ci sai kaga 653,312. Masu gyara na lokacin da wannan lambar suke fara duba kwamfuta, duk da cewa wasu injinan BIOS ɗinsu ma yakan riƙe 1KB dan kansa.

Shi Frodo an shirya shi ne daga 22 ga Satumba ya rubuta saƙo a allo mai cewa FRODO LIVES, sai dai akwai kuskure a rubutun nasa, maimakon saƙon sai kwamfutar ta sandare kawai. Kuma ɓuyan nasa ya zama makami a kansa, tunda duk wanda ya karanta fayil wankakke yake miƙa masa, sai mutane suka gane cewa in ka kwafi manhajojinka zuwa wani suna da ba COM ko EXE ba alhali yana memori, shi da kansa zai baka kwafi mai tsabta, sai ka tashi daga faifai mai lafiya ka mayar musu da sunansu. In zaka rubuta wannan a jarrabawa, abinda malaminka yake son ya gani shine ka gane cewa bairos ɗin bai ɓace daga faifai ba, yana nan kwance bayit ɗinsa cif, hanyar tambaya ce ya kama, shi yasa dole a kashe kwamfuta gaba ɗaya a tayar da ita daga fulofi mai tsabta kuma kulle kafin ai bincike. Kashewa da maɓallin wuta nake nufi, domin akwai waɗanda suke tsallake Ctrl da Alt da Del su cigaba da zama.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe na yi aikin taifin a wani bizines senta shekarun baya. Abu biyu har yau suna damuna. Na ɗaya sai mu wanke kwamfuta tas bayan kwana biyu abin ya dawo. Na biyu akwai ranar da wani mai gyara ya rubuta FDISK /MBR dan ya cire bairos, daga nan C: ta ɓace gaba ɗaya da aikin mutane a ciki, projet ɗin ɗalibai da komai. Me ya jawo? Daga Kano.

AMSA: Alhaji wannan ciwon duk wanda ya zauna a irin shagon nan ya san shi, Allah ya mayar da alheri. Dawowar tana da hanya biyu. Ta farko faifan kwastomomi, ku kun wanke injinku amma faifai nawa ne suka shiga cikinsa kafin ku wanke, duk sun tafi gida da shi kuma zasu dawo gyaran babi na biyu, rana ɗaya a manta ɗaya a rami NEPA ta ɗauke wuta ta dawo injin ya tashi da kansa, shikenan an koma gidan jiya. Da an shiga saitin BIOS an juya tsarin tashi ya zama C kafin A, wato babban faifai kafin fulofi, da an toshe wannan hanyar kusan gaba ɗaya, aikin minti ɗaya ne amma ba kowa ya sani ba.

Hanya ta biyu kuma akwai masu kama wuri biyu a lokaci guda, fayil da sashen tashi. Tequila da ya fito daga Suwizalan a 1991 yana kama EXE da sashen farko na babban faifai. Natas da ya addabi Meziko a 1994 ya haɗa duka, COM da EXE da babban faifai da fulofi, yana ɓuya kuma yana sauya kamannin rubutunsa daga fayil zuwa fayil dan kar a gane shi da alama ɗaya. Irin wannan in ka wanke fayiloli ka bar sashen tashi zai sake kama su, in ka wanke sashen tashi ka bar manhaja ƙwaya ɗaya mai ɗauke da shi ranar da aka kunna ta ya koma mazauninsa.

Batun C: kuwa, alamun da ka faɗa sun yi kama da aikin Monkey, wani jikan Stoned da aka fara gani a Edmonton ta Kanada a 1991. Sashen farko na babban faifai ba umarnin tashi kaɗai ke ciki ba, har da ɗan teburin da ke faɗin inda C: ta fara da inda ta ƙare. Monkey yana kwashe sashen duka ya rikita rubutunsa ya ɓoye a wani wuri, in yana memori shi yake warwarewa ya nuna wa DOS, komai na tafiya daidai. FDISK /MBR kuwa umarnin tashi kawai yake sabuntawa, baya dawo da tebur. Da mai gyaran ya goge bairos ɗin sai ya zama ya kori wanda shi kaɗai ya san inda teburin yake. Abin takaicin shine aikin mutanen yana nan a faifan ba abinda ya same shi, da an samu antibairos da ya san Monkey ko wanda ya iya sake gina teburin da an dawo da komai, amma yawanci a wannan gaɓar ake yanke ƙauna ayi fomatin. Akwai ma wanda ya fi shi mugunta, One Half na 1994, shi duk tashin kwamfuta sai ya rikita wani yanki na babban faifai yana warware maka in ka nema, in ka cire shi da gaggawa ka tafi da makullin. Shi yasa nake cewa kafin a cire kowane irin bairos a fara sanin sunansa, a kuma kwafe abinda ke da muhimmanci tukuna.

TAMBAYA: Malam ina da injin aikin kwalliyar kaya na kwamfuta, tsoho ne da fulofi yake karɓar zane. Bairos zai iya shiga injin ya lalata min shi? Daga Maraɗi.

AMSA: Maigida kwantar da hankalinka. Waɗannan bairos ɗin an rubuta su ne dan kwamfuta mai DOS, injin ɗinki kuma zanen kawai yake ɗauka daga faifan, irin fayil ɗin DST da makamantansu, jerin inda allura zata soka ne ba manhaja ba. Haka abin yake ga masu fiyanon Yamaha na situdiyo da ke cin fulofi. Sai dai in injin naka irin wanda aka haɗa masa cikakkiyar kwamfuta ne da take tashi da DOS ko tsohon Windows, to wannan ka ɗauke shi kamar kowace kwamfuta, kar ka kunna shi da faifai a ciki.

Inda zai iya cutar da kai shine faifan kansa. Bairos irin Stoned idan ya ɗauke sashen tashi yana ajiye shi ne a wurin da jerin sunayen fayil yake, in zanenka suna da yawa sai ka nemi wasu ka rasa. Dan haka tsohuwar kwamfutar da kake zuba zane da ita ita ce abin dubawa. Kuma ka fara shirin rabuwa da fulofi, Sony ta daina yinsu tun 2011, wanda ke kasuwa yanzu tsohon ajiya ne. Akwai 'yar na'ura da ake sawa a gurbin ramin fulofi ta karɓi filash, Gotek na daga cikin sanannu, ka nemi mai gyaran da ya taɓa sawa a irin injinka domin saitin ya bambanta daga inji zuwa inji.

TAMBAYA: Shin wannan bairos ɗin da ke mayar da fayilolin filash shotkot shima mai ɓuya ne? Kuma na da ɗin sun mutu kenan? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Ɗan'uwa akwai dangantaka amma ba ɗaya bane. Na shotkot alamar ɓoyewa kawai yake sa wa foldodinka, ya ajiye shotkot mai irin sunansu dan ka danna ya tashi. Bai kama hanyar tambaya ba, in ka ce wa Windows ya nuna ɓoyayyun fayiloli har da na tsarin zaka gansu, kuma umarnin attrib yana dawo da su. Ta fuskar yaɗuwa dai hanyar kakanninsa ya bi, daga hannu zuwa hannu, daga shagon firintin zuwa gida.

Na da ɗin abinda ya karya su shine Windows 95 da NT da suka zo da nasu hanyar karanta faifai ba tare da bin INT 13h ba, sai bairos ya zauna yana jiran kiran da ba zai zo ba, ga kuma fulofin kansa ya bar kasuwa. Windows mai 64 bit ma baya kunna manhajar DOS sam. Duk da haka sukan ɓullo, a 2007 an sayar da wasu sababbin laftof na Medion a Jamus masu Windows Vista aka tarar da Stoned.Angelina a sashen tashinsu, bairos na wajen 1994, bai iya yin wata ɓarna ba amma yana nan zaune.

Dabarar kuwa bata mutu ba, ita ce yau ake kira rutkit. A 2005 wani masani Mark Russinovich ya gano cewa wasu faifan CD na waƙa na kamfanin Sony BMG suna sa wata manhaja a Windows da ke ɓoye duk fayil ɗin da sunansa ya fara da $sys$, abin ya zama babban abin kunya har aka janye faifan daga kasuwa. Stuxnet da aka gano a 2010, wanda aka auna tashar nukiliyar Iran da ke Natanz da shi, ta filash ya shiga, ya ɓoye fayilolinsa, yana lalata injina yana nuna wa masu lura da su cewa komai lafiya. Saboda irin wannan ne kwamfutocin yanzu suke da Secure Boot, wanda baya barin wani umarni ya tashi sai mai sa hannun da aka yarda da shi, dan Allah kar ka bari a kashe maka shi ba dalili.

Idan kana zargin kwamfutarka kuma antibairos yana ta ce maka lafiya, maganin shine dai na zamanin fulofi, ka bincike ta daga waje. A cikin Windows Security akwai zaɓin Microsoft Defender Offline, yana sake kunna kwamfutar ya yi sikanin kafin Windows ɗinka ya tashi. In hakan bai gamsar da kai ba ka je kan wata kwamfutar da ka yarda da ita ka haɗa filash na ceto, kamfanonin antibairos da dama suna bada shi kyauta, ka tayar da taka daga kansa. Filash ɗin ya zama na wannan aikin kaɗai, kar ka dinga kai shi shagon firintin.